Matar da Ta Yaɓe Ginshiƙi

Wai a wani zamani can baya, mijin wata mata ya kwanta ciwo. Aka ce mata, "Je ki tsohon masallacin da sarakunan farko suka gina, ki kankaro ƙasar ginshiƙinsa don tabarruki."

Ta yi tafiya, ta yi tafiya, har ta isa. Ta ɗaga kai ta ga rufin soro mai bakan gizo, ga itatuwan azara reras, duk nauyinsu bisa ginshiƙi guda. Amma ginshiƙin ya rame. Wannan ya kankara, wancan ya kankara, har ya yi rami.

Wata tsohuwa da ke kankara ta ce, "Ɗebi, 'yar nan. Kowa ma ɗiba yake yi."

Ta miƙa hannu don mijinta. Ta dubi rufin, sai ta janye. Ta fita ta kwaɓo jar ƙasa a bakin mayafinta, ta yi ta yaɓe har ramin ya cike.

Da ta koma gida, mijin ya ce da ƙyar, "Kin samo ƙasar?"

Ta shimfiɗa masa mayafin, duk ya yi jawur. Ta ce, "Ban ɗebo ba, maigida. Ita ta biyo ni."