Rubu'in Rake

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya da ta girmi kowa a ajinsu. Ran nan malaminsu ya zo da rake, ya kira ta da yara uku, ya ce, "Raba muku, kowa ya sami rubu'i."

Ta auna, ta yanka gida huɗu daidai wa daida. Da yake babba ke fara ɗauka, ta ɗauki gindin, inda zaƙin yake. Biyu suka ɗauki tsakiya. Autar aji ta ɗauki kan raken, salam kamar ruwa.

Malam ya ce, "Lissafi ya yi daidai."

Yarinya ta dubi gindin, ta dubi auta. Ta ce, "Malam, a ara mini wuƙar." Ta tattara yankan duka, ta tsaga kowanne gida huɗu, ta ba kowa tsagi ɗaya daga kowane yanki.

Malam ya ce, "Yanzu nawa kowa ya samu?"

Ta ce, "Huɗu cikin goma sha shida. Rubu'in ne dai, Malam."

Auta na tauna, ta ce, "A'a, Yaya, wannan rubu'in ya fi zaƙi."