Wanda Ya Saci Ciyawa Mai Wari

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Ragnar Ekdal ya tsoma burodinsa mai kirfa cikin gahawa ke nan, wayar ofis ta yi ƙara. Nils Sandel ne, shugaban majalisar garinmu na Lindhamn, yana magana kamar ana binsa da gudu.

"An yi sata a gidan tarihi. Kada ka wahalar da kanka, Sufeto, sakacin matar nan ne. Ka zo ka rubuta rahoto kawai."

Sufeto ya ajiye wayar. Shi fa a duniya ba abin da ya tsana irin a gaya masa ƙarshen bincike tun bai ɗaura takalmi ba. Ya shanye gahawarsa, ya hau kekensa.

Kowa a nan ya san wanda ya kafa gidan. Marigayi Elias Lofmark ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana taka fadamun Suwidin da ƙafa, yana tsinko tsirrai, yana busar da su tsakanin takardu, yana raɗa musu suna kamar 'ya'yan cikinsa. Ranar Asabar mai zuwa gidan zai cika shekara ɗari. Tattaɓa-kunnensa, Malama Hedda Lofmark, ita ke kula da shi, kuma a hannunta Sufeto ya koyi matse ganye yana ɗan makaranta.

Ya same ta tsaye gaban wata durowa a buɗe, ta yi zuru-zuru.

"Me aka ɗauka, Malama?"

"Takarda ɗaya, Ragnar. Au, Sufeto."

"Ɗaya tal? Ga lambobin azurfa can a gilashi."

"Ba a taɓa su ba. Tornvikia aka ɗauka, ainihin wadda kakana ya manna da hannunsa ranar da ya raɗa mata suna. Ita ce uwar sunan. Daga ko'ina masana ke zuwa su gwada tasu da ita."

Sufeto ya kusa yin dariya. Tornvikia! Wannan gajeriyar ciyawa mai warin ruɓaɓɓen kifi, wadda kowane yaro a garin nan sai ya haddace sunanta kafin ya wuce aji. In ka murza ta, ko sabulun duniya ka ƙarar, warin sai ya yi kwanaki a hannunka.

Ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa lau. Makulli biyu ne kacal, ɗaya a wuyan Malama, ɗaya a ofishin shugaban majalisa. Jiya Lahadi gidan a rufe yake, ita kuwa ta wuni wajen 'yar'uwarta.

"Wa ya leƙo nan a ƙarshen mako?"

"Ba kowa," ta faɗa da sauri, tana kallon ƙasa.

Ya fita lambun baya, ya tsallake wani ɓawon kifi a dokin ƙofa. A can kusurwa, inda Lofmark ya dasa ciyawar tun zamaninsa, babu komai sai rami. An tumɓuke ta har saiwa, alhali ta yi iri, ta kusa zubarwa. Ita ce kaɗai ta rage a yankin nan tun da aka zuƙe ruwan fadamu aka mayar da su gonaki. Sufeto ya tsuguna ya daɗe yana kallon ramin. Ɓarawon da ya bar azurfa ya ɗauki ciyawa ba yunwa ce ta kawo shi ba, ƙiyayya ce.

Daga nan ya zarce ofishin Sandel. Ya tarar da karnuka biyu zaune a ƙofar majalisa, masinja yana korarsu suna dawowa. Ɗakin shugaban kuwa ya cika da turare har yana hawa kai, shi kuma ga shi zaune da safar hannu, ana wannan zafi na tsakiyar bazara.

"Ranka ya daɗe, ina makullinka?"

"Yana cikin durowar nan tun bara. Ban taɓa shi ba."

"Hannun fa? Lafiya?"

"Ƙyasbi ne, likita ya ce in rufe." Ya gyara zama. "Ka ga, Sufeto, matar nan ta tsufa. Gobe majalisa za ta zauna. Za mu sallame ta, mu ɗaure tarkacen cikin akwatuna, mu fasa bikin. Rahotonka kawai nake jira."

"Za ka same shi in na gama."

"Akwai wanda zan iya buga wa waya a samanka, ka sani."

"Ka buga, ranka ya daɗe. Ka gaishe shi."

Ya fito ransa a ɓace. Matar da ta ba gidan nan ƙuruciyarta da tsufanta, za a kore ta da tambarin sakaci saboda takarda ɗaya? Ya rantse a zuciyarsa ba da alƙalaminsa za a yi wannan ba. Zarginsa ya fara karkata, amma zargi ba hujja ba ne. Me zai haɗa Sandel da ciyawa?

Mutum ɗaya ne a garin yake amsa sunan Tornvik, inda aka samo sunan ciyawar, wato Oskar mai kifi na bakin tashar jirgin ruwa. Sufeto ya same shi yana jera kifi cikin ganga yana barbaɗa gishiri.

"A'a, hukuma da kanta! Kifi za a saya, ko ni za a kama?"

"Ya danganta da bakinka. Yaushe rabonka da gidan tarihi?"

"Ni da gidan tarihi? Rabona da shi tun ina da gashi."

"To ɓawon kifin da na gani a dokin ƙofar baya, Lofmark ne ya busar da shi?"

Oskar ya sosa sanƙonsa, kunnuwansa suka yi ja. "To, naƙan kai wa Hedda ɗan kifi ranar Asabar. Mu sha gahawa, mu yi hira. Laifi ne? Tsoho ba shi da zuciya?"

Nan Sufeto ya gane abin da Malama take ɓoyewa. Tsoro take kada a ɗora wa mai sunan laifin.

"An tumɓuke ciyawarku, Oskar. An sace takardar. Ba ka gaji da a riƙa kiran sunanka a toshe hanci ba?"

Oskar ya saki kifin da ke hannunsa. "An tumɓuke ta? Wayyo ni! Ni in taɓa ta? Sufeto, wari sana'ata ce, da shi nake ci. A makaranta yara sun yi ta cusa mana ita a jaka suna kiranmu 'yan wari, ni ko a jikina. Nisse ne dai bai taɓa iya jurewa ba, kullum sai ya koma gida da kuka."

"Wane Nisse?"

Oskar ya kama bakinsa. Ya juya ya hau goge teburin da ba shi da datti.

"Wani yaro ne. Ya bar gari."

"Oskar, gobe za a kori Hedda daga gidan kakanta. Wane Nisse?"

Tsohon ya daina goge teburin. Can ya ce, "Ɗan wana ne. Uwarsa ta tafi da shi birni yana ƙarami. Da ya girma ya sake suna, kamar yadda 'yan zamani ke yi. Ya dawo da gemu da muƙami, ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. In mun haɗu a hanya, sai ya tsallaka ɗaya gefen."

Sufeto ya ce ya wanke hannu ya biyo shi. Suka biya suka ɗauki Malama Hedda, su uku suka shiga ofishin majalisa da la'asar. Karnukan suna nan inda ya bar su.

Da Sandel ya ga Oskar, sai fuskarsa ta yi fari fat.

"Me wannan mutumin yake yi a ofishina?"

"Baffanka ne, ya zo gaisuwa," in ji Sufeto. "Ranka ya daɗe, wa aka tsara zai yaye mayafin takardar ranar Asabar, ya karanta sunanta a gaban jama'a?"

"Ni ne. Sai me?"

"Cire safar."

"Ba ka da iko..."

"Cire ta, ko in kira likitan da ka ce ya duba ka."

Ya cire a hankali. Babu ƙyasbi ko ɗigo. Hannuwan sun yi ja don dirza, kuma nan take warin ya keto ta cikin turaren ya cika ɗakin.

"Kifi na ci jiya," ya ce.

"A wajen wa ka saya? Ni kaɗai ke sayarwa, kuma rabonka da shagona tun kana Nisse," in ji Oskar.

Malama Hedda ta matso kusa. Idonta yana kan ƙafafun shugaban. Ta duƙa da kyar, ta warware naɗin ƙafar wandonsa, ta kaɗe shi a tafin hannunta. Wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi suka zubo.

"Irin Tornvikia," ta ce. "Babu inda ake samunsa a yankin nan sai kusurwar lambuna."

Sandel ya zube a kujerarsa.

"Ina takardar?" Sufeto ya tambaya.

"Na ƙona. Ita da ciyawar, a murhun gidana." Ya ɗago kai ya dube su. "Kun san abin da na sha? Wani mugun tsoho ya ɗauki sunan gidanmu ya liƙa wa abu mafi ƙazanta a fadama, don ya ci mutuncin kakanmu. Na gudu, na sake suna, na zama mutum. Sai a ce in tsaya gaban gari in karanta shi da bakina? Na so sunan ya mutu, a rufe gidan, kowa ya huta."

"Cin mutunci?" Oskar ya daka masa tsawa. "Kai, wawan yaro! Da ka taɓa zama ka sha gahawa da ni, da ka ji. Lofmark ya karye a ƙafa a tsakiyar fadama, kakanmu ya goyo shi har gari. Lofmark ya ce ya zaɓi furen da ya fi so a sa masa sunansa. Kakanmu ya ce furanni sanyi ke kashe su, a ba shi waccan 'yar ƙasa, wadda shanu ke takawa ta sake tashi. Shi ya zaɓa da kansa!"

Sandel ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa.

Hawaye na bin kumatun Malama, don takardar kakanta ta tafi ke nan har abada, amma ta dubi Sandel ido cikin ido. "Kuma suna ba ya ƙonewa, Nils. In uwar ta ɓace, masana sukan zaɓi wata ciyawar ta gaje ta. Ka so ka bar mu ba ko ɗaya. Yanzu ga irinta kai ka kawo mana."

Sufeto ya ciro ankwa, ya dubi hannuwan, ya yamutsa fuska.

"Mayar da safarka tukuna, ranka ya daɗe."

Ya tasa shi gaba suka fito, karnukan suka miƙe suka bi su. Malama Hedda ta biyo baya a hankali, ta dunƙule hannunta a ƙirji, Oskar yana gefenta yana tambaya ko ramin yana buƙatar taki.