Auta da Kwalbar Baƙin Mai

Auta yarinya ce mai mafarki da rana tsaka. In an aike ta sayen gishiri, sai a same ta a bakin hanya tana kallon gajimare.

Babanta direba ne. Yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya, shuɗiya. Ƙofarta ɗaya ba ta rufuwa sai an daka mata kafaɗa. Auta ta raɗa wa motar suna Giwa.

In ta dawo daga makaranta, sai ta haye kujerar direba. Ƙafarta ko ƙasa ba ta kaiwa. Ta kama sitiyari, ta lumshe ido. Nan take Giwa za ta tashi sama. Su wuce rufin gidaje. Su ratsa gajimare mai laushi kamar auduga. Su sauka a bakin teku, kifaye na leƙowa suna gaishe su.

"Sauko, matuƙiyar jirgi!" Kaka za ta ce. "Kwanukan nan ba za su wanke kansu ba."

Ana nan sai Giwa ta fara wani irin tari da safe. Baba ya kira Kawu, ƙanen Mama, wanda makanike ne. Kawu ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya daɗe.

"Yaya, kunnena bai isa ba," in ji shi. "A ɗebi man injin a kai ɗakin gwaji."

Baba ya dafe kai. "Ka san yadda kuɗin gwajin nan ya tashi? Bara da bana ba a haɗa su."

"Ya tashi kam. Amma je ka tambayi kuɗin sabon inji, ka dawo mu yi magana."

"Kawu, me za su gani a cikin mai?" Auta ta tambaya.

"Man nan yana zagaya ko'ina a cikin inji, kamar jini a jikinki. Duk inda ke ciwo, shi ya sani."

Kawu ya zura wani siririn tiyo, ya zuƙo mai a cikin ƙaramar kwalba mai tsabta. Baba ya ajiye ta a kan taga, ya ce gobe zai kai. Sannan ya ce wa Mama a hankali, "In sakamakon ya fito da muni, sayar da motar zan yi."

Auta ta ji.

Da kowa ya watse, ta ɗaga kwalbar a rana. Man baƙi ƙirin, ko haske ba ya ratsa shi. Ta tuna a makaranta, duk wanda littafinsa ya yi datti, Malama ba ta ba shi maki.

"Ashe jarrabawa za a yi wa Giwa," ta ce a ranta. "Da wannan baƙin abin ai faɗuwa za ta yi."

A ɗakin ajiya akwai galan na sabon mai, garai-garai kamar zuma. Auta ta juye fiye da rabin kwalbar a wani tsohon gwangwani. Ta cika ta da sabon mai, ta girgiza, ta mayar kan taga.

"Kada ki damu," ta raɗa wa Giwa. "Na gyara miki."

Bayan kwanaki sakamako ya zo. An ce mai lafiya, inji lafiya. Baba har da 'yar rawa a tsakar gida. Kawu dai ya yi ta sosa ƙeya.

"To tarin fa?" in ji Kaka.

"Tsufa ne kawai, Inna," in ji Baba.

"Kai, kula da bakinka. Ni ma tsohuwa ce, ka taɓa jin ina tari?"

Baba ya ɗauki kaya zuwa wani gari mai nisa. Bai kai ba. A tsakiyar hanya Giwa ta yi zafi, ta fitar da farin hayaƙi, ta tsaya cak. Wata mota ce ta jawo ta gida da igiya, kamar akuyar da ta ƙi tafiya.

Auta ta hau kujerar direba, ta lumshe ido. Giwa ta ƙi tashi. Babu gajimare, babu teku. Sai warin ƙonannen mai.

Washegari wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo. Yana zagaya Giwa yana ƙwanƙwasa ta da guduma.

"Na haƙura," Baba ya ce masa. "Na biya kuɗin gwaji, an ce lafiyarta ƙalau, ga ta kwance. Ciwon da na'ura ba ta gani ba, wa zai gane shi?"

Gudumar ta sake sauka. Auta ta ji kamar a ƙirjinta aka buga.

"Baba, na'ura ba ta yi ƙarya ba!" Hawaye suka zubo mata. "Ni ce na zuba sabon mai a kwalbar. Ina so Giwa ta ci jarrabawa."

Mai guduma ya sauke hannunsa.

"Jarrabawa?" in ji Kaka. "Ke, asibiti aka kai ta, ba makaranta ba! In kina zazzaɓi, jinin ƙawarki za mu kai wa likita?"

Auta ta girgiza kai tana shessheƙa.

Baba ya ba mai sayen ƙarafa haƙuri, ya sallame shi. Ya juyo ga Auta.

"Za a sake gwajin. Keken da na yi miki alkawari, bana babu shi. Kuma ke za ki ɗauki kwalbar da hannunki."

Ɗakin gwajin fari ne fes, da sanyi, na'urori na ta 'yar ƙara kamar ƙudan zuma. Wata ma'aikaciya mai farar riga ta saurari labarin Auta har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗiga man a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu.

"Zo ki leƙa, ƙanwata."

Auta ta leƙa. A cikin baƙin man akwai ƙananan abubuwa suna ƙyalli, kamar taurari sun cika sama.

"Kai, sun yi kyau!"

"Garin ƙarfe ne," in ji ma'aikaciyar. "Injin ne ke gogar kansa. Da man ya zo mana yadda yake tun farko, da mun faɗa wa babanki kafin ya hau hanya."

Sakamako na biyu ya nuna ruwa ne ke yoyo cikin mai. Kawu ya kwance injin, ya samu wurin. Gyaran ya ci kuɗi fiye da yadda zai ci da farko, amma injin bai mutu ba.

Ranar da aka gama, Baba ya murɗa makulli. Giwa ta tashi da murya wasai, ba tari ko ɗaya. Auta ta rungume ƙafar Baba tana tsalle.

Kaka ta kama kunnenta, amma ba da ƙarfi ba.

"Me kika koya?"

"In abu yana ciwo, a nuna shi yadda yake, ko da baƙi ne," in ji Auta. "Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi."

"Yawwa," in ji Kaka, ta saki kunnen. "Wanda kike so, gaskiya za ki faɗa a kansa, don a taimake shi da wuri. Maza ɗauko bokiti ki wanke motarki, ta yi ƙura."