Bindiga Ɗari Huɗu da Ƙyauren Kalilu

Mutanen unguwar Bukan Sidi suna cewa Alhaji Kalilu bai san abin da ya saya ba. Ya sani. Tambaya ɗaya ce ya ƙi yi, kuma da gangan.

Shekara ashirin yana sayar da kwanon rufi da ƙusa a garin Lafiya kafin ya samu kwangilar kawo bindigogi ɗari huɗu ga wata rundunar tsaro. Takardar sharuɗɗan shafi tara ce: harsashi 7.62, gidan harsashi mai cin talatin, nauyi kada ya wuce kilo huɗu, bututu sabo fil. Ranar karɓar kaya kuma za a yi gwaji, harbi biyar daga mita ɗari, duka su taru a wurin da tafin hannu zai rufe.

Kalilu ya sayi tsofaffi a hannun dillali, waɗanda suka gama yaƙin wasu ƙasashe aka shafa musu baƙin fenti. Ya kira maƙwabcinsa Terkimbi, tsohon saje mai gyaran makamai, ya duba masa. Terkimbi ya leƙa bututun ɗaya ta hasken rana ya ajiye. Ya ce zanen da ke murza harsashi ya tafi saiti ya cinye, ciki ya yi sumul kamar fayif ɗin ruwa.

"Alhaji, ka auna saniya da wannan, mai saniya za ka kashe. Yaran mutane ne za su riƙe shi fa."

Kalilu ya ba shi na goro, ya rufe akwati.

Ranar Laraba da rana tsaka ya wuce ƙauyen Adogi, ya bar mota a bakin hanya, ya ratsa gonar rogo zuwa bukkar wani tsohon boka. Ciki babu iska. Tsatsattsun gatura da bakin fartanya an soke su a ƙasa sun kewaye wani tulu mai jan ƙyalle, ƙudaje sun baƙanta bakinsa. Kalilu ya ce so yake bindigogin su ci gwaji, ya yi tayin bijimi, ya yi tayin babur. Tsohon ya ƙi. Ya ce ƙyauren gidan Kalilu yake so, wanda iyalinsa ke taɓawa kullum, a kansa za a yi gwajin.

"Baba, katako kawai? Ba jini?"

"Ni ban nemi jini ba. Bindiga ba ya manta wurin da ya fara bugawa, shi ke nan. Ka yarda ko ka tashi, ina da aikin gona."

Nan ne wurin tambayar. Kalilu ya dubi tulun, ya ce ya yarda.

Washegari ya kawo ƙyauren. Tsohon ya kwantar da shi, ya shafe shi da baƙin mai daga tulun, ya ce ya lissafa masu shiga ta wannan ƙofa. Kalilu ya kira sunan mahaifiyarsa, da matarsa Zuwairatu, da 'ya'yansa Zakiyyu da Ameer da Muhibbat. Nasa sunan ya haɗiye. Ɗan kasuwa ne, ya san inda ba a sa hannu.

Ranar gwaji ya kai ƙyauren kyauta a matsayin allon harbi, aka liƙa masa takarda. Kowace bindiga ta zuba biyar a rami ɗaya. Hafsoshi suka yi ta mamaki har sai da suka harba duka ɗari huɗun.

Arziki ya zo da gudu. Bene a unguwar Azuba, motoci uku, ƙofofin ƙarfe daga Turkiyya. Waɗanda ba sa amsa gaisuwarsa suka koyi durƙusawa.

Wata na biyar, ana cin abincin rana, aka ji ƙwas, kamar an jefi katako da tsakuwa. Mahaifiyarsa ta kife a kan kwano. Babu rauni, sai baƙin tabo kamar kan yatsa a ƙirjinta. Likita ya ce zuciya ce. Bayan mako shida Zakiyyu ya faɗi yana wanke mota, da irin tabon a wuya. Zuwairatu, wadda ta ji ƙarar sau biyu, ta daina miƙewa tsaye. Rarrafe take yi jikin bango, ba ta yarda ta gifta kowace ƙofa, tana roƙon baƙi su sunkuya.

Ameer ne ya bi su. Kwana uku bayan an binne shi, Terkimbi ya zo. Bai yi ta'aziyya ba. Ya ce ɗansa Tertsea yana cikin waɗanda aka raba wa bindigogin. An tare su a daji, ya juye harsashi talatin a kan mutane uku da ke tahowa, bai samu ko ɗaya ba. Ranar Asabar ce, bayan azahar. Ya tambayi Kalilu yaushe Ameer ya faɗi, ya tafi bai jira amsa ba.

Kalilu ya koma gonar rogo. Tsohon yana shuka, bai ɗago ba. Ya ce duk harsashin da ya fita sai ya sauka. Wanda ya samu abin da aka auna ya tsaya can. Wanda ya kuskure yana neman hanyar gida, wata rana ya same ta.

"Da ka kawo mai kyau, da ba ya kuskure. Tara su duka ɗari huɗu ka kawo, in kwance."

Kalilu ya sayar da benen da motocin yana bin sawun bindigogin. Wasu suna bariki, wasu sun faɗa hannun 'yan fashin daji, masu harbin iska idan suna murna. Goma sha ɗaya ya samu. An sami Zuwairatu da tabo a goshi a damina ta biyu.

Muhibbat ce ta rage. Shekararta sha tara, tana karatun jinya, ba ta san komai ba. Yanzu Kalilu yana zaune a tsohon gidan da rediyo a kunne. Duk lokacin da aka ce an yi artabu a wani daji, yakan ɗaga hannu ya roƙi Allah kada harsashi ko ɗaya ya kuskure, kowanne ya samu ɗan wani. Ya san abin da yake roƙo, kuma bai daina ba.

Mai kwaɗayin da ke shirin ratsa irin wannan gona, ya fara zuwa ya tsaya kusa da Kalilu ya ji addu'ar nan da kunnensa. Ita ce zai ƙare yana yi.