Na Biyar da Babu Mai So

Da na san abin da zai fito daga bakin yaron nan ranar Asabar ɗin, wallahi da ban taɓa faifan ba. Da na bar shi cikin kwalinsa, mu sha shayi, ya yi mana sallama ya tafi. Amma mai rabon shan duka ba ya jin bari.

Ni mai gyaran fanka ne. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, cike da fukafukai da tsofaffin koyil, wato naɗin wayar cikin injin fanka, kuma karatuna bai wuce aji shida ba. Matata ce mai boko, takardu take bugawa a wani ofis. Ita ta koya mini kallon fina-finan nan na jirgin taurari, waɗanda ake ta fitarwa ɗaya bayan ɗaya tun muna da ƙuruciya. Ni ba na jin yaren da suke yi. Sai ta zauna a damana, tana kallo tana faɗa mini.

“Wannan mai jan kayan ya ce injin ya yi zafi.”

“Ai na gani tun ɗazu! A ce masa ya duba koyil.”

“Kai dai komai koyil,” in ji ta, tana dariya.

'Yarmu ɗaya ce. Tun tana shekara huɗu take shiga kwalin fanka ta ce jirginta ne, shi ya sa uwarta ta sa mata Kyaftin. Ni kuwa Uwata nake ce mata.

Fim na biyar shi ne na ƙarshe da muka kalla mu uku. Lokacin ciwon ya riga ya ci matata, sai an jingina mata filo biyu take iya zama. Babu yaƙi a cikinsa. Labarin wani tsoho ne mai gadin fitila a kan wani ɗan dutse a sararin sama, shi da 'yarsa, suna haska wa jirage hanya. Wata rana jirgin taurari ya tsaya, yarinyar ta bi su. A bakin ƙofa tsohon ya riƙe hannunta ya yi magana.

“Me ya ce?” na tambaya.

Matata ta gyara filonta, sannan ta ce, “Ya ce, je ki 'yata, fitila na kunne har ki dawo.”

A ƙarshen fim ɗin wani haske ya taso daga nesa, wata murya ta yi magana a rediyo, tsohon ya ɗaga hannu.

“Ita ce ta dawo,” in ji matata. “Ta ce, Baba buɗe ƙofa.”

Wata uku bayan nan muka binne ta. An fitar da na shida da na bakwai da na takwas, ban kalli ko ɗaya ba. Na biyar kawai. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk sanda kewa ta taso mini sai in sa shi, Uwata ta zauna a kujerar dama tana faɗa mini, kalma a kan kalma, yadda uwarta ta faɗa.

Yanzu ta girma, tana aiki a kantin magani. A can yaron nan, wanda nake ce wa Mai Tabarau, ya gan ta. Malamin lissafi ne, dogo, mai yawan gyara tabarau in yana jin kunya. Ya zo sayen maganin mura, ya ga ɗan jirgin da ke rataye a makullinta.

“Wanne kika fi so?” ya tambaye ta.

“Na biyar.”

“Na biyar? Haba! Ai babu mai son na biyar. Mutane barci suke yi a kansa. Na biyu ne sarki!”

“To sarki, ga maganinka, ka tafi ka yi atishawa a gida.”

Washegari ya dawo wai ya manta yadda ake shan maganin. Ita ta ba ni labari, tana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariya, amma ta baki kawai. Na san irin wannan dariyar.

Yaron kirki ne, ba zan ɓoye ba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Komai na tafiya daidai sai ya samu aikin koyarwa a wata babbar makaranta mai nisa, tafiyar da sai an hau jirgin sama, kuma ba zuwan wata ɗaya ko biyu ba ne.

Ranar Laraba na dawo daga shago da la'asar, na tsaya cire takalmi a bakin ƙofa, sai na ji muryarta a kicin tana waya da shi.

“Ka yi haƙuri, hasken idona... ba zan iya ba.”

Shiru.

“Na sani! Ka ɗauka ni ba na ji? Amma wa zai tuna masa da maganin hawan jini? In na yi lattin minti goma yana bakin titi yana leƙe. In bar shi da fanka da bango?”

Shiru.

“A'a, ba zai bi mu ba. Ko unguwar nan ba ya bari... Rabin raina, don Allah kada ka sa in yi kuka, yanzu zai shigo.”

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina jin daɗi kamar ɓarawon da ya ji masu gida sun yi minshari. Na shiga, ta fito da idanu jajaye ta ce albasa ce. Ni kuma na ce albasar bana akwai yaji.

Ranar Asabar ya zo sallama. Ya zauna a gefen kujera, ita tana can bakin taga. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, ina tsoron kada ya yi mata wata magana ta canza. Sai dabara ta zo mini. Na ce bari fim ya faɗa masa abin da bakina ya kasa: 'ya ta gari, ko ina ta je, gidan ubanta take komawa.

“Ɗana, an ce ka raina na biyar.”

“Wasa nake yi, Baba.”

“To yau za ka kalle shi da idon manya. Uwata, zo ki zauna.”

“Baba, a bar shi sai wani lokaci...”

“Zo ki zauna, na ce.”

Ta zauna a dama. Fim ya fara, ta fara faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa. Da farko lafiya. Da aka zo bakin ƙofa, tsoho ya riƙe hannun 'yarsa, sai ta ce, “Je ki 'yata, fitila na kunne har ki dawo.”

Na ga yaron ya juya ya dube ta. Ya gyara tabarau.

Aka zo ƙarshe. Haske ya taso, murya ta yi magana, tsoho ya ɗaga hannu.

“Ita ce ta dawo,” in ji Uwata. “Ta ce, Baba buɗe ƙofa.”

Na buga cinya. “Ka gani? Ka ga abin da ya sa ya fi duk sauran? Ta ga taurari, ta ga duniya, amma ta dawo!”

“Amma Baba... ai ba ta dawo ba.”

“Kai!” Uwata ta miƙe tsaye. “Yi shiru!”

Ya dube ta, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Sai a lokacin ya gane ya taka abin da bai gani ba.

“Ku gafarce ni, Baba. Na ɗauka wasa ne kuke yi a gida, kowa ya sani...”

“Zauna, Uwata,” na ce. “Kai kuma ƙarasa. In ba ita ba ce, wane ne?”

“Baba, don Allah...”

“Da kai nake!”

Ya sunkuyar da kai. “Wani jirgi ne na daban. Wucewa yake yi. Matuƙin ya ce sun gode da haske, shi ne tsohon ya ɗaga musu hannu.”

“Yarinyar fa?”

“Ita ce ta zama shugabar jirgin taurari a na shida. Har na takwas ita ce.”

Fankar sama tana juyawa, ina jin ƙarar da take yi, wadda na yi wata biyu ina cewa zan duba. Na juya wajen 'yata. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun ina aji uku a sakandare.”

“Kika zauna kina faɗa mini ƙarya shekara da shekaru?”

“Ba ƙaryata ba ce, Baba! Maganar Umma ce. In na canza ko kalma ɗaya, sai in ga kamar na sake binne ta. Kuma in an zo wurin nan kana murmushi... a duk wata, nan ne kaɗai nake ganin haƙoranka.”

Na ɗauki rimot na mayar da fim ɗin baya har bakin ƙofar nan. Na miƙa wa yaron.

“Faɗa mini abin da tsohon ya ce. Yadda ya faɗa.”

“A'a,” in ji Uwata. Ta karɓi rimot ɗin ta koma kujerar dama. “Ni zan faɗa.”

Tsoho ya riƙe hannun 'yarsa. Bakinsa ya motsa.

“Ya ce... ba don a dawo ake kunna fitila ba, 'yata. Don a wuce lafiya ake kunna ta.”

Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na zauna a bakin gado ina kallon filon nan biyu da har yau ban raba su ba. Shekara goma sha ɗaya ina yabon tsohon nan, ina ce wa abokan shago ni da shi ɗaya ne. Ashe shi ya saki, ni na riƙe. Ashe yarinyar da take zama a damana ba fassara kawai take yi mini ba, gadina take yi. Ni da ya kamata in haska mata hanya, na zama dutsen da aka ɗaure ta a kai.

Da na fito, yaron yana bakin ƙofa yana sa takalmi.

“Ina za ka?”

“Na ɓata muku rai, Baba.”

“Ka ɓata. Cire takalmin.” Na juya gare ta. “Uwata, ranar Laraba na ji ki a waya. Ba albasa ba ce. Na ji, kuma na ji daɗi. Ki yafe mini.”

“Baba...”

“Kina son sa?”

Ta rufe fuska da mayafi.

“Wannan da ya ce na biyu ne sarki? Mai hankali kuwa?”

Dariya ta kufce mata cikin kukan. “Ina son sa, Baba. Amma kai fa? Wa zai...”

“Maganin hawan jini ƙwaya ɗaya ce da safe. Mutumin da yake naɗa koyil zai kasa ƙirga ɗaya? Ki bi shi.”

“Ba zan iya barin ka kai kaɗai ba!”

“Za ki iya. Ni ne ban sani ba ko zan iya, kuma wannan aikina ne, ba naki ba.”

Ta faɗo jikina kamar lokacin da kwalin fanka yake kifewa da ita. Yaron ya cire tabarau yana goge su da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

An ɗaura aure bayan wata biyu. A filin jirgi ta riƙe hannuna ta ƙi saki har aka kira su sau biyu. Na shirya maganar tsohon nan tun daga gida, ina ta maimaitawa a mota, amma da lokaci ya yi abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ki riƙa kashe fanka in za ki fita.”

“To, Baba,” ta ce, tana kuka tana dariya.

Yanzu wata bakwai ke nan. Tana kira kullum da safe ta tambayi magani. Na gyara fankar falo, sai gidan ya ƙara yin shiru, har na yi da-na-sanin gyarawa. In la'asar ta yi, ƙafata takan kai ni bakin titi kafin in tuna babu wanda nake jira.

Surukin nawa ya bar mini faifai uku a kan tebur kafin su tafi. Makon jiya na sa na shida. Na zauna a wurina, kujerar dama babu kowa. Na gane yarinyar, ta girma, tana ba maza umarni suna gudu. A tsakiyar fim ɗin akwai inda ta tsaya ita kaɗai a bakin taga, tana kallon wani ɗan haske can nesa, ta faɗi wata magana gajeriya. Na mayar baya sau huɗu. Na ɗauki waya zan kira Uwata ta faɗa mini, sai na ajiye.

Ban san abin da ta ce ba. Ban san ko matata tausayina ta ji ta canza maganar tsohon, ko kuwa ita ce take so a ce mata ana dawowa. Kuma ban san ko 'yata za ta sake zama a kujerar nan ba.