Bismillar da Aka Goge

Masu wanki ne suka fara ganinta, da safiyar wata Talata a shekarar 2006, a bakin kogin Shari. Kafin Sufeto Dawuda ya iso sun jawo gawar kan yashi sun lulluɓe ta da zanen da aka ba su wanki. Can sama kaɗan takalmanta na ajiye gefe da gefe, jakarta a kai, an danne da dutse.

Dawuda ya buɗe jakar. Katin shaida ya ce Ruƙayyatu, shekara ashirin da tara, unguwar Habbena. Sai wata takarda ninke huɗu daga wani ƙaramin ɗakin gwajin jini na kuɗi a unguwar Ambassatna. Takardar ta ce tana ɗauke da ƙanjamau.

Ya sa aka kai gawar babban asibiti, shi kuma ya nufi Habbena. Unguwarsu ce. Kakanninsa da nasu tare suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan. Don haka ya san halin mutanensa sarai, sun iya zumunci matuƙar lafiya ƙalau kake.

Ya tarar da matan unguwa tsaye daga nesa, kowace ta toshe hanci da mayafi. Babu wadda ta shiga gidan. Uwar marigayiyar, wata tsohuwa mai suna Inno, tana zaune ita kaɗai a tsakar gida.

"Inna, Allah ya ba da haƙuri. Me ya kai ta gwaji?"

"Aure, ɗan nan. Mijinta na fari ya rasu a hatsarin mota shekara huɗu ke nan. Buba direba ya fito, danginsa suka ce sai an gwada. Kawunsa ya je ya karɓo ambulan, ba ya karanta Faransanci, sai ya miƙa wa wani a ƙofar masallaci bayan la'asar. Shi kuwa ya karanta da ƙarfi."

"Daga nan fa?"

"Daga nan kalas, komai ya ƙare. Karkanji, ruwan zoɓo, take sayarwa a kasuwa, mutane suka riƙa zubar da wanda suka riga suka saya a gabanta. Aka hana yara shigowa gidan nan. Wata guda tana haɗiyewa." Tsohuwar ta kama hannun rigarsa. "Yanzu ko mai zuba mini ruwa in wanke ta babu. Ba na neman a ɗaure kowa. 'Yata ba ta bin maza, kai dai ka wanke mini sunanta."

Dawuda bai yi mata alkawari ba, don a ransa ya ɗauka takarda ba ta ƙarya. Da azahar likitan babban asibiti ya kira shi ya kunyata shi. Sun gwada jinin gawar sau biyu, babu komai a ciki.

Ɗakin gwajin ɗakuna huɗu ne a jere, kowane da kwamfuta. Mai kula da ma'aikata, Abdoulaziz, ya tarbe shi da shayi da fara'a, cikin farar shadda wadda ta sha guga.

"Inna lillahi! Ruƙayyatu? Baiwar Allah. Sufeto, in akwai kuskure, cikin na'ura yake."

"Wa ke rubuta sakamako?"

"Mai gwaji, Madam Fauziyya. Tana rubutawa, ya tafi ya zauna cikin waccan babbar kwamfutar da ke lungu, uwarsu duka. Ni dai in an buga takarda in sa hatimi in liƙe ambulan."

"Kana shiga uwar?"

Abdoulaziz ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu. "Ni? Wasiƙa ma da yatsa ɗaya nake bugawa. Hamani kaɗai ke taɓa ta, wani ɗan Nijar. Ban so in faɗa ba, amma mutanen nan masu shigowa su fita, ba ka sanin cikinsu."

Madam Fauziyya ta fito da littafinta na hannu ba tare da an roƙe ta ba. A ranar da aka ɗebi jinin Ruƙayyatu ta rubuta babu cuta, ga sa hannunta. Ke nan tsakanin littafin da na'urar buga takarda ne wani ya sa hannu.

Dawuda ya aika a ɗauko masa Hamani, shi ya koma asibiti karɓo rahoton likita. Wannan ne kuskurensa na ranar. Kafin ya dawo kwamisariya, ofishinsu na 'yan sanda, yaransa sun ji an ce baƙo ne, sun fara tambayarsa irin tasu. Ya same shi a ƙasan sel, leɓe a fashe, yatsu biyu na hannun dama sun kumbura sun karkace. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya zazzage su, amma faɗa bai gyara yatsa ba.

"Wa ya san kalmar sirrin uwar kwamfutar?"

"Ni ɗai, mushe," in ji Hamani, wato yallaɓai da Faransanci.

"Ka san abin da kake faɗa? In kai kaɗai ne, kai ka kashe matar nan."

Hamani ya sunkuyar da kai. "Ni ɗai."

Dawuda ya daɗe a aikin nan. Ya san mai laifi raba laifi yake yi, ba ya rungume shi haka. Washegari da safe ya sa aka ɗaure masa yatsun, ya kai shi ɗakin gwajin, ya zaunar da shi gaban na'urar, ya rufe ƙofa.

"Nuna mini yadda take aiki. Ka yi mini kamar kana koya wa kakarka."

Hamani ya jawo linzamin kwamfutar da hannun hagu. Ya buɗe burauza kamar mai shiga Intanet, ya buga wasu lambobi, ya sa kalmar sirri. Wani shafi ya fito da akwatuna da maɓallai.

"Uwar kamar gida ce mai ɗakuna, mushe. Wannan shahi shi ne makullan. Ga ɗakin sakamako. Nan an ce Madam Fauziyya ɗai ka rubutu a ciki. Nan an ce saura karatu ɗai. Nan an ce baƙo ba ya shiga. In ka canza, sai ka danna wannan maɓalli ya adana."

"An canza?"

Hamani ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. "A'a. Komi na nan yadda na bar shi."

Dawuda ya ja tsaki. Hamani kuwa ya buɗe wani baƙin allo mai fararen rubutu, ya duba, ya sake dubawa, sai ya ɗago.

"Bismillata ba ta nan."

"Wace bismilla?"

"Duk abin da shahin can ke nunawa, cikin wannan takarda yake rubuce. Ni da hannu nike rubuta ta, ban son shahin. Kuma ban taɓa fara aiki ba sai na sa Bismillahi a layin farko, haka malaminmu ya hore mu tun muna allo. Ƙasa da ita ina barin bayani da Hausa don kar in manta. Shi shahin bai san wannan ba. Ranar da aka danna maɓallin adanawa, sai ya sake rubuta takardar duka, ya zubar da duk abin da ba umarni ba." Ya nuna saman allon da yatsan da aka ɗaure. "Wani ya buɗe ɗakin ta shahi, ya yi abin da zai yi, ya maida makulli daidai. Bai san ya share bismilla ba."

"Yaushe?"

Hamani ya buga wani abu. Ranar ta fito, goma sha ɗaya ga watan jiya, ƙarfe ɗaya da minti goma. Kwana ɗaya kafin kawun Buba ya karɓi ambulan.

"To tunda ba ka son shafin, don wa ka girka shi?"

Hamani ya kau da kai.

Dawuda bai matsa masa ba. Ya lura da wani abu tun ɗazu: Hamani lamba ɗaya kawai ya buga a burauza, sauran suka cike kansu. Ya tambaya, Hamani ya ce kwamfuta tana tuna inda aka taɓa zuwa da ita.

Sai Sufeto ya tashi ya bi ɗakunan da kansa. A kwamfutar Madam Fauziyya ya danna lambar, shiru. A ta mai karɓar baƙi, shiru. A ofishin Abdoulaziz ya ce, "Gafara dai," ya miƙa hannu ta kan kofin shayi ya danna. Adireshin ya fito cif, har da sunan mai shiga a cikin akwati.

"Yatsa ɗaya ma ya isa, ashe," in ji Dawuda.

"Wataƙila Hamani ne ya zauna nan."

"Buɗe durowar nan."

A ciki akwai fasfo na Nijar da katin zama, duka da hoton Hamani. An ɗaure su da roba tare da wata 'yar takarda mai kalmar sirri.

Da Hamani ya ga fasfonsa a hannun Sufeto sai bakinsa ya buɗe. In wuta ta ɗauke aka tada janareto, na'urar buga takarda takan ƙi amsawa sai an sake tada uwar. Abdoulaziz ya gaji da kiransa daga gidansa a Goudji, ya sa shi girka shafin ya koya masa. Takardunsa kuwa tun ranar da aka ɗauke shi aiki ya karɓe su. Jiya kafin 'yan sanda su zo ya ja shi gefe ya ce in ya ambaci sunansa, zai ƙona su ya ce bai taɓa ganinsu ba.

Dawuda ya jawo kujera ya zauna daf da Abdoulaziz.

"Me ta yi maka?"

Mutumin ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Fara'ar nan ta tafi, amma ko gezau bai yi ba.

"Bara na aika mata da turmi uku da turare. Ta sa aka dawo mini da su tsakiyar kasuwa, a cikin bokitin karkanji. 'Yan kilando masu haya da babur suna dariya. Ni, Abdoulaziz. Ta zaɓi direban da ke kwana ƙarƙashin mota."

"Shi ke nan?"

"Bai isa ba? Da na ji ana maganar gwaji, ni na je na gaida tsohuwarta, na ce su zo wurinmu, mu na gida ne." Ya ajiye kofin. "Ban ce ta shiga kogi ba. Na so dai ta ɗanɗana yadda dariyar kasuwa take."

Madam Fauziyya, wadda ke tsaye bakin ƙofa, ta rufe baki da hannu. Dawuda ya yi shekara goma sha tara yana zama da ɓarayi da masu kisa, bai taɓa jin ƙyamar mutum irin ta yau ba. Ya yi wa kofur alama, aka sa wa Abdoulaziz ankwa.

Sufeto ya tattara takardunsa yana lissafin abin da zai yi. Zai kai rahoton likita Habbena, ya tsaya a ƙofar masallacin nan, ya sa a karanta shi da ƙarfi.

Sai Madam Fauziyya ta ce, "Sufeto, tsaya. Takardar cuta tana da lambobin gwaji na biyu, shi bai iya ƙirƙiro su ba. Ina ya samo?"

Abdoulaziz ya juyo daga bakin ƙofa, har da ɗan murmushi.

"Ai ban ƙirƙiro komai ba, Madam. Sunaye na musanya. Ranar mata biyu kika gwada."

Ta ruga ta ɗauko littafin. Ta bi layin da yatsa, ta tsaya.

"Hidaya," ta ce a hankali. "Matar tela. Cikin wata takwas gare ta. Na yi ta jiran ta dawo in tura ta karɓar maganin da ke kare jariri, na ɗauka tsoro ya hana ta."

"Ta dawo, ni na ba ta ambulan," in ji Abdoulaziz. "Har guɗa ta yi a nan. Ta haihu ranar Alhamis, tana shayarwa, gobe suna. Gidansu na bayan na Inno, katanga ɗaya." Ya dubi Dawuda. "Je ka wanke sunan waccan, Sufeto. Mutanen Habbena ba wawaye ba ne, za su tambayi takardar ta wace ce, kuma sun san wa ta raka ta gwaji."

Kofur ya finciko shi waje. Ya shiga bayan motar yana gyara zaman shaddarsa kada ta yamutse.

Dawuda ya miƙa wa Hamani fasfonsa. Hamani ya kai hannun dama, yatsun suka ƙi kamawa, fasfon ya faɗi ƙasa. Ya durƙusa ya ɗauka da hagu, ya fita.

Sufeto ya ninke rahoton likita ya sa a aljihu. Inno ta riga ta wanke 'yarta ita kaɗai jiya da yamma, mutum biyar suka sallace ta, yanzu tana zaune tana jiransa. Ba za a karanta komai a ƙofar masallaci ba yau, wataƙila har abada, kuma shi ne zai dubi idon tsohuwar ya gaya mata haka.

"Madam, ɗauko mayafinki," ya ce. "Ki bar farar rigar nan a nan, kada a gane daga ina muke. Za mu shiga gidan Hidaya kamar 'yan barka."