Buhunan Farin Dutse

Na yi digiri a ilimin duwatsu, shi ya sa kamfani ya ga na dace da tuƙin motar kaya. Aikina kwaso farin dutsen da ake kira litiyam daga tsoffin ramukan kuza da aka sake buɗewa a bayan Zinyau. Manaja ya rantse in buhu ɗaya ya ɓata a hanyar Kano, in nemi wani aikin.

Wani dare, kafin in kai Rano, motar ta yi ta nauyi har ta tsaya da kanta. Wani tsoho ya leƙo ta taga. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi, muryarsa kuma kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Sannu da aiki, Malam. Sauke mana kayanmu."

"Na kamfani ne, Baba," na ce masa a gajiye. "Batirin motar lantarki za a yi, don duniya ta huta da hayaƙi."

"To, Allah ya hutar da ita. Mu fa? Tun da ramin ya rufta da mu, da dutsen nan 'yan'uwa suka rufe bakinsa. Kun kwashe, yanzu ruwa zuba yake yi a kanmu."

"Ku da wa?"

Ya nuna bayan motar da haɓa. Na duba madubi. A kan kowane buhu akwai mutum zaune, ya rungume gwiwoyinsa, da haƙurin leburan da ya saba jira. Duk ni suke kallo.